Bahon Da Ban Cika Ba

Safiyar Laraba ce, cikin watan Satumba, shekarata ta uku a Greensboro. Na yi asuba, na dafa shayi, na zauna bakin taga ina gyaran babi na biyu na kundin digirina. A ƙasa motoci na wucewa kan High Point Road kamar kullum. Ƙarfe bakwai da rabi rediyo ya ce mahaukaciyar guguwar da ke cikin teku ta juyo, kafin dare za ta sauka gaɓa. Mu na Greensboro ba abin da zai same mu sai iska da yayyafi. Baba Salifu ne ya faɗo mini a rai.

Baba Salifu ɗan zangon Sakandi ne ta ƙasar Gana. Ya yi shekaru yana aiki a jiragen ruwa, har wani jirgi ya sauke shi a Amurka, ya ƙi komawa. Yana zaune a wani ƙauyen masunta, tafiyar awa huɗu daga Greensboro, yana gyara wa masu kamun jatan lande koma. Ba mata, ba ɗa, ba wayar tarho. A layin wani kantin kifi muka haɗu, ya ji na yi tsaki na ce "kai jama'a", ya waiwayo. Tun daga ranar duk ƙarshen wata ina gidansa. Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, safe da yamma yake yi wa kansa allura.

Ƙarfe tara na tayar da tsohuwar motata. Na tsaya kanti na sayi shinkafa, man gyaɗa, kifin gwangwani, batir da kyandir. A kantin nan na ga mutane na rububin galan-galan na ruwa, har na yi musu dariya a raina.

Daga rabin hanya ni kaɗai ne na nufi gabas. Ɗaya hannun kuwa motoci ne jere, da katifu a ɗaure a samansu. Gidajen mai uku na shiga, duk sun rataya kwali cewa mai ya ƙare. Na isa ƙauyen ƙarfe ɗaya da kwata, allurar mai na lilo a ƙasa. Motar 'yan sanda na zagayawa da lasifika: "Ku fita! Kowa ya bar bakin ruwa!"

Na samu Baba a kwance, jikin babu daɗi. Na ce ya tashi mu tafi, ko a hanya man ya ƙare ai mun yi nisa da teku. Ya ƙi.

"Basarke, gidan nan ya ga irinta uku," in ji shi. "Buga katako a tagogi. Ka kuma cika babban bahon wanka na banɗaki da ruwa."

Na ce to.

Basarke yake kirana, don ni ɗan masunta ne daga Yauri. A bakin kogin Kwara aka haife ni. Na ga ambaliya tun ban iya ƙirga ba, kuma ban taɓa jin wanda ƙishirwa ta kama a cikinta ba. In kogi ya shigo gida, sai ka ɗiba, ka jefa alif, ka bari ya kwanta, ka tafasa ka sha. Saboda haka na tari bokiti ɗaya da buta ɗaya, na ɗauki guduma na fita. Na ce a raina, ruwa ne zai zo ya same mu har gida, shi ne kaɗai abin da ba za mu rasa ba. An ce kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi. Na san karin maganar sarai, ranar ce dai ban ga kaina a cikinta ba.

Ƙarfe uku da minti goma wuta ta ɗauke. Firji ya yi shiru, injin da ke jan ruwa daga rijiya shi ma ya tsaya. Na murɗa famfon baho, ya yi tari sau biyu, ya zubo abin da bai kai kofi ba.

Ƙarfe huɗu iska ta fara kuka. Ba ta tsagaita ba sam. Kwanon gidan maƙwabta ya ɓalle, na ji wucewarsa ta samanmu. Itatuwa na karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarar kamar harbin bindiga. Gidan Baba a kan turaku yake, sai da na ji turakun na motsi a ƙarƙashin ƙafata.

Ƙarfe biyar da rabi teku ta shigo. Kwara takan yi kwanaki tana hawa, ta ba ka lokacin kwashe hatsi. Wannan kafin in idar da la'asar ta shanye matakala shida. Ta tsagar katako na ga motata ta tashi, ta juya a hankali, ta je ta jingina da wata bishiya. Ruwan ya tsaya taku ɗaya ƙasa da daɓen ɗaki. Can wani abu mai nauyi ya daki turken gidan, ɗakin ya girgiza, bokitin ya tuntsure. Na tare abin da na iya tarewa, bai kai rabi ba.

Alhamis gari ya waye tas, ko ɗigon gajimare babu. Ba kukan tsuntsu, ba ƙarar mota. Na sauka na ɗebi ruwan da ke tsakar gida na kai baki. Gishiri ne da man dizal da warin masai. Na buɗe murfin rijiya na zura igiya, ita ma teku ta shige ta.

Mai ciwon sukari ba ya haƙuri da ƙishirwa. Kafin la'asar Baba ya shanye abin da ya rage a bokiti. Ni leɓe kawai nake jiƙawa. Sallolinmu duk da taimama muka yi su a jikin bango. Kwalbar allurarsa na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, don firjin ya koma akwati mai ɗumi. Shinkafar da na sayo tana nan a leda, ba ruwan dafa ta.

Da yamma na bi gidaje uku da ke kusa, ruwa iya ƙugu. Biyu babu su, sai turaku. Ɗaya a kulle, na fasa taga na shiga, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na samu gwangwanin lemo uku, masu sukari. Na yi kira har muryata ta dishe, ba wanda ya amsa. Kare ɗaya na gani a kan wani rufi, shi ma kallona kawai ya yi.

Da na dawo Baba ya tambaya, "Bahon fa?"

Na gaya masa gaskiya.

"Basarke ke nan," ya ce, har da ɗan murmushi. Bai ƙara tayar da maganar ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a buta ta ƙare da hantsi. Na ba shi lemon nan ina sane da abin da zai yi masa, don ba ni da wani abu. Sau biyu jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta can nesa, na hau rufi ina kaɗa zanen gado, bai juyo ba. Daga azahar zazzaɓi ya rufe Baba. Ya bar Hausa ya koma wani yaren bakin tekun Gana da ban sani ba, yana kiran sunayen mutane. Ina zaune a gefensa ina yi masa fifita da murfin tukunya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yinin nan ba.

Asabar da sassafe na hango wani ƙaramin kwale-kwalen ƙarfe a maƙale cikin rassa. Ba inji, ba filafili. Na yanko doguwar sanda. Na goyo Baba na sauko da shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, na kwantar da shi na yi masa rumfa da zanen gado. Ƙarfe shida da rabi muka tashi.

Teku ta ja baya, amma ruwan da ya sauka a tudu ya gangaro ya maye gurbinta. Titin ba a ganinsa. Turakun lantarki na bi, da kawunan akwatunan wasiƙa da suka leƙo. Matattun kaji na yawo, da wani kumburarren alade. Inda bishiya ta tare hanya sai in sauka in ja kwale-kwalen ta samanta. Sau goma sha ɗaya na yi haka. Hannuna ya tuna tuƙin da ya koya a Yauri, aƙalla wannan ya yi amfani. Duk bayan ɗan lokaci nakan kira sunan Baba. Da fari yana amsawa da "uhm". Daga ƙarfe goma sai dai in sa kunne a ƙirjinsa.

Ƙarfe goma sha biyu saura na ji ƙarar zarto mai inji. Titi ya fito daga ruwa a gaban wani coci. Sojoji ne da babbar mota, da dogon layin mutane riƙe da jarkoki da tukwane.

"Ku bi layi! Galan ɗaya ga mutum ɗaya! Ƙanƙara ta ƙare!"

Ban bi layi ba. Na rungumo Baba na nufi motar kai tsaye. Wani soja ya daka mini tsawa, sannan ya ga abin da nake ɗauke da shi.

"Ku ba shi hanya!"

Wata mata ta fita daga layi ta miƙo galan ɗinta. Na ɗiga wa Baba a baki, ruwan ya gangaro ta gefe. Suka sa mu a bayan mota. Awa biyu muka yi kafin asibitin farko, saboda gada ta karye sai da aka zagaya. Asibitin da janareta yake aiki, marasa lafiya har a baranda. Aka sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda. Likita ya ce ƙodarsa ta tsaya, jikin ya daɗe a bushe.

Ya rasu ranar Litinin, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Bai farfaɗo ba balle in roƙe shi gafara. Na kawo shi Greensboro, muka yi masa wanka da sutura. Mu biyar muka sallace shi, huɗun ba su taɓa ganinsa da rai ba.

Bayan mako biyu aka buɗe hanya. Na ari mota na koma kwashe kayansa. Mai gidan, wani dattijon Bature, ya zo duba ɓarna. Ya shiga kicin ya buɗe wata 'yar ƙofa a bayan murhu, wadda na ɗauka ma'ajiyar tsintsiya ce. Tankin ruwan zafi ne a ciki, tsawonsa ya kusa kai nawa. Ya ce sai an juye shi kafin a maido da wuta, ya roƙe ni in riƙe masa bokiti. Ya murɗa wani ɗan famfo a gindin tankin. Ruwa ya zubo garai-garai.

Na ɗanɗana. Babu gishiri.

In bokitin ya cika sai in fita in zubar a tsakar gida, in dawo in tara. Daga ƙofar tankin zuwa gadon Baba taku bakwai ne. Bokiti goma sha ɗaya na zubar.