Miyar Lami a Ƙofar Kibo

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku ya daɗe da faruwa, tun soja na mulki, amma ba zai bar zuciyata ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona.

Mu mutanen ƙauye ne, noma muka gada. Da Malam, mijina, ya fara jin jiri a gona, ƙeyarsa tana sara, sai babban ɗanmu ya kwaso mu zuwa gidansa a Ƙofar Kibo, kusa da asibiti. Likita ya ce hawan jini ne. Ya ba da ƙwayoyi, ya hana gishiri da kanwa da goro, ya ce a manta da gona. Malam ya gargaɗe ni kada kowa ya ji. Baƙo ba ya shiga unguwa da tallan ciwonsa, in ji shi.

Mutumin da ya saba da fartanya tun asuba, sai ga shi a zaure yana kallon masu wucewa. Abu ɗaya ya rage masa, ciyayya. Bayan magariba dattawan unguwa sukan haɗu a ƙofar gida, kowa da akushinsa, a ci na wannan a koma na wancan. Amma Malam ba ya sa hannu a na kowa, nasa kuma miyar lami ce, wanda ya ɗanɗana ba ya ƙarawa. Wata rana wani Alhaji maƙwabcinmu, mai yawan barkwanci, ya ce, "Malam, namu ka raina, naka kuma sai mai neman lada." Aka yi dariya. Ta katanga na jiyo.

Tun daga ranar bai ƙara fita ba. Ya fi kwana goma yana kwance, fuskarsa na kallon bango, tuwon ma sai ya tsakura. Rannan ina tankaɗe ya kira ni, ya ce, "Zuba gishirin nan. Na rasa gona, kada in rasa mutane."

Na zuba, jikokina. Da hannun nan na zuba, har da kanwa, na kuma ɓoye wa ɗanmu. Malam ya koma ciyayya, yana cin na kowa, yana karɓar goro. Wata huɗu ina jin dariyarsa ina murna, ina cewa ya warke.

Wata azahar yana alwala, buta ta suɓuce masa. Na tarar da shi a ƙasa, bakinsa ya karkace, ɓarin dama ya shanye.

Da Alhajin nan ya zo dubiya ya ji asalin maganar, sai ya ce, "Haba Inna. Da kun faɗa mana, ai da kowa ya sa an rage gishirin gidansa."

Malam ya yi shekara uku a kwance, ina ba shi kunu da ludayi, bai sake kiran sunan kowa daidai ba har Allah ya karɓi abinsa. Alhaji bai fasa zuwa ya zauna kusa da shi ba, shi ma ya rasu bayan damina biyu. Ɗanmu ya yafe mini, amma bai taɓa tayar da zancen ba. Ni kuwa yanzu ciwon yana jikina, kuma duk wanda ya gaishe ni sai na faɗa masa. Kunyar da ta hana ka faɗi ciwonka, ita ke fara haƙa maka kabari.