Takardun Kotun Faransa da Na Ƙi Sa wa Leda

Sana'ata fotokwafi da lamineshin ce, a wata 'yar rumfa da ke bakin ƙofar wata ma'aikata a Abuja. Lamineshin shi ne a sa takarda cikin leda mai kauri, a tura ta cikin inji mai zafi, ta fito a manne, ba mai iya raba su kuma. A garin nan duk takardar da mutum yake so, leda yake sa mata. Ta haihuwa, ta makaranta, ta fili, har takardar sallamar asibiti an taɓa kawo mini.

Ni kuwa mutum ne mai tsoron kuskure. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa duk takardar da ban gane ba nake riƙe ta kamar ƙwai. Na sha zuwa tashar motar Jikwoyi, unguwar da nake zaune, in juyo da ƙafa, don kawai in tabbatar na kashe injin. Ban taɓa samun sa a kunne ba.

Mafi yawan aikina daga ofishin wani darakta yake fitowa, mutumin da ya yi karatu a Faransa, kowa oga yake ce masa. Sakatariyarsa ce take kawo aikin, wata Hajiya mai saurin magana da saurin tafiya. In ofishin nan ya daina aiko mini, rumfata ta mutu. Na san haka, ita ma ta sani.

Wata Litinin da hantsi, cikin damina, ta zo ta ajiye fayil a teburina.

"Malam, guda shida ne. Lamineshin. Ina jira."

Na buɗe. Ban taɓa ganin irinsu ba. Takardun masu kauri ne da laushi kamar tsohon ƙyalle, bakinsu ba a daidaice yake ba. Rubutun hannu ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa, haruffan a kwance da dogayen jeloli. A ƙasan guda uku akwai wani jan abu mai tauri, kamar kwabo, da zane a kansa.

Na ce, "Hajiya, waɗannan na mene ne?"

"Na oga ne. Takardun kotu ne na Faransa, na zamanin da. Saye yake yana tarawa, kamar yadda wasu ke tara agogo. Ya yi tafiya, sai Juma'a zai dawo. Silin ɗin ofis yana yoyo, ya ce in adana su kada ruwa ya taɓa."

Da na ji kalmar kotu na janye hannuna daga fayil ɗin. Na ce, "Ba dai shari'ar tana nan ba?"

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Masu shari'ar ƙashinsu ma ya zama ƙasa! Kana tsoron Turawa su zo Jikwoyi da sammaci?"

Na sa farce a hankali a gefen jan abin nan. Kaki ne, irin mai narkewa kamar kyandir. Hatimi ne aka yi da kaki. Injina kuwa in ya ɗau zafi, ko yatsa ba ka iya ɗora masa.

Na ce, "Shi ogan da bakinsa ya ce a sa leda?"

"Ya ce a adana. Akwai wata adanawa ne a Abuja ban da leda?"

Gaskiyarta, a wurinmu babu. Ni kaina da abin nake ci. Amma na tuna littafin mahaifina, Allah ya jiƙansa, rubutun hannu na ajami da ya gada a wurin nasa mahaifin. Warƙa warƙa yake, ba ɗinki, a tsakanin kwali biyu, cikin gafaka, wato jakar fata ta littafi. Ya ga damina da yawa, bai taɓa ganin leda ba, ana kuma karanta shi har yanzu a wurin yayana.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Ba za ka me?"

"Ba zan tura su cikin inji ba."

Ta miƙo hannu. "To ba ni. Rumfa nawa ce a layin nan? Kuma daga yau ka san inda aikin ofishinmu zai koma."

Nan na shiga tsaka mai wuya. In na ba ta, maƙwabcina ba zai ko duba ba, minti biyar ya gama da su. In na hana, na riƙe kayan da ba nawa ba. Na roƙe ta ta tsaya minti biyu kacal. Ina da guntun kyandir a aljihun tebur saboda ɗauke wuta. Na kunna, na ɗiga a kan wata takardar banza har ya yi tudu kamar hatimin, na bari ya daskare. Na sa a leda, na tura.

Abin da ya fito ba kyan gani. Kyandir ɗin ya narke ya bi takardar kamar an zuba mata mai, rubutun da ke kai ya jiƙe, ledar ta kumbura.

Hajiya ta ɗaga ta tana kallo.

Ta ce, "Wannan kyandir ne. Wancan na Turawa ne."

"Wuta ba ta san Bature ba, Hajiya."

Ta ja tsaki, amma ta zauna. Muka yi shawara. Na wanke hannu, na yi wa kowace takarda fotokwafi mai kala, ina ɗaga ta da tafin hannu biyu. Kwafin na sa wa leda, don mai son dubawa ya duba. Na ainihin na shimfiɗa wa farar takarda tsakanin kowace biyu, na haɗa su da kwali, na naɗe da sabon farin ƙyalle. Washegari na zo da tsohuwar gafakar mahaifina, wadda ta rage mini da yayana ya yi wa littafin sabuwa. Hajiya ta sa a akwatin ƙarfe na ofis, ta kulle.

Tana zare makullin ta ce, "In oga ya yi faɗa, sunanka zan fara kira."

Kwana huɗu abinci bai yi mini daɗi ba. Ina ta tunanin ko hasken injin fotokwafi ya ci tawadar. Ko fatar gafakar za ta ba su wari. Ko ogan ledar yake so, ni da ko harafi ɗaya ban karanta a ciki ba na zo na yi masa iyayi. Matata ta ce in ban daina zagaya tsakar gida ba zan haƙa mata rijiya.

Ranar Juma'a da safe direban oga ya zo rumfata, fuskarsa ba walwala.

"Oga na kira. Ka taho yanzu. Ni dai ban taɓa ganin sa haka ba."

Ashe Hajiya ta jera kwafin nan masu leda a kan teburinsa, ta tafi wani ofis kai saƙo, shi kuwa ya riga ta shigowa. Na same shi a tsaye, hula a hannu, kwafi ɗaya mai leda a ɗaya hannun.

"Kai ne ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka san abin da ka kashe? Shekara fiye da ɗari biyu takardar nan tana yawo a duniya ba abin da ya same ta, sai da ta zo Abuja! Leda! Wa zai ɓare ta yanzu?"

Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Yallaɓai, shafa hatimin."

Ya sa babban yatsa ya shafa. Sumul, ba tudu. Ya juya bayanta, fari fat. Daidai nan Hajiya ta shigo tana haki, ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗora gafakar a gabansa. Ya kwance igiyar, ya buɗe ƙyallen. Ga su nan su shida, jan kakin yana zaune daram.

Sai ya zauna a kujera, ya rufe fuska da hular, ya kama dariya har kafaɗarsa na girgiza.

"Dabarar wa ce?"

Hajiya ta ce, "Tare muka yi shawara." Ta kalle ni, ta kalli ƙasa. "To, shi ne. Ni leda na kai. Har kyandir ya ƙona mini."

Oga ya sa aka jawo mini kujera, ni da ban taɓa zama a ofishin nan ba. Ya ce a can inda ake ajiye irin waɗannan, abin da suke yi ke nan, takarda da kwali da wuri busasshe, sai dai nasu ba shi da kyan gafakata. Ya ɗauki guda ɗaya ya fassara mini. Maƙwabta biyu ne suka kai juna gaban alƙali a kan rijiya, kowa ya ce a gefensa take. Alƙali ya yanke cewa ɗaya ya ɗiba da safe, ɗaya da yamma, igiyar guga kuma kowa ya zo da tasa.

Na ce, "Ashe su ma haka suke."

Ya ce yana da wasu a gida, yana so duk a yi musu irin wannan, kuma ba wanda zai taɓa sai ni. Gafakar mahaifina ya mayar mini da hannu biyu. Ranar kasuwa na je garin Karshi na sami baduku, na tsaya a kansa har ya auna, ya yanka, ya ɗinka gafaka guda huɗu. Ya ce bai taɓa ganin mai saye da fitina irina ba.

Aikin ofishin yana nan yana zuwa, har ya ƙaru. In Hajiya ta kawo fayil yanzu, sai ta tsaya a bakin rumfa ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Mai kyandir, wannan ta shiga inji, ko a kai ta gafaka?"

Nakan karɓa, in duba gaba da baya sau uku, sannan in ba ta amsa. Tana jira.