Gaisuwar Hajiyar Bakura

Ina cikin takaba aka aiko mini da saƙo daga wurin aiki cewa lasisina na aikin jinya ya kusa ƙarewa, kuma ba za a sabunta shi ba sai na yi wani kwas ta intanet a kan ciyar da jarirai. Na karanta, na ajiye wayar. A lokacin ko cewa aka yi gidan ya kama da wuta, abin da zan yi ke nan. 'Yan bindiga sun tare motar su maigidana a hanyar Maradun, yana dawowa daga sayen shanu, aka kawo mini shi Talata Mafara a nannaɗe cikin tabarma. Na yi kuka ranar farko, daga nan abin ya ɗauke. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin yunwa, ba na jin komai.

Yayata ce ta yi mini rajista ta sa mini data. Duk Asabar da hantsi sai in jingina wayar da kwanon sha, in kashe kyamara, in zauna. Malamar daga kudu take, da Turanci take koyarwa, tana son a fara a kan lokaci. Ba ta san da wa ta haɗu ba.

Akwai wata dattijuwar ungozoma daga Bakura, kowa Hajiya yake ce mata. Har aka yi nisa ba ta gano inda ake kashe makirfo ba, muna jin awakinta da jikokinta. Ita a wurinta rashin tarbiyya ne a shiga taro a fara magana ba a gaisa ba, sai ta bi sunayen da ke kan allon wayar ɗaya bayan ɗaya. Malama tana haƙuri, tana tari, Hajiya ko a jikinta.

Da ta iso kaina sai ta ce, "Ɗiyata ta Mafara, ina kwana? Ina aiki? Ina ɗiya? Ina maigida?"

Na ce, "Lahiya lau."

Bakina ne ya faɗa, kamar yadda ya saba tun ina amarya. A gidanmu kuwa duk wanda ya ɗaga labule abu ɗaya yake tambaya, ya haƙuri, ni kuma in ce da godiya, har na gaji da jin muryata. Hajiya kaɗai ta rage a duniya mai tambayar lafiyarsa.

Darussan ban riƙe da yawa ba. An yi ta ƙoƙarin riƙe mu: bidiyo gajeru, tambayoyi a ƙarshen mako, saƙon tuni, har da wani tauraro da ake liƙa wa wanda ya yi ƙoƙari, sai ka ce 'yan firamare. Mutane suka yi ta zubewa, wannan rashin sabis ɗin waya, wancan noman rani a Bakolori. Ni ban taɓa fashi ba. Tun Juma'a nake kai wayar caji. Malama har yabona ta yi, wai a yi koyi da himmata. Wace himma? Gaisuwata nake zuwa karɓa, in an gama in bar su su yi ta magana.

Saura darasi biyu a yi jarrabawa, wani ma'aikaci ɗan Maradun da ke ajin ya gane ko matar wace ce ni. Da kyakkyawar niyya ya sanar da rasuwar maigidana a rukunin ajin.

Asabar ɗin Hajiya ba ta bi layi ba, da ni ta fara. Ta ce, "Ɗiyata, mi as sa ba ki hwaɗi muna ba? Ni ko ina ta tambayar ki shi! Ki gahwarta mini. Ina hanƙuri?"

Na ce, "Da godiya."

Aka yi masa addu'a, har malama ta jira aka gama. Kowa ya kyauta, ban ga laifin kowa ba. Da aka shafa na kife wayar. Asabar ta gaba yayata ta leƙo ta ce lokacin aji ya yi, lasisin fa. Na ce na ji. Ina kallon wayar a kan tabarma har aka kira azahar, ban kunna ta ba.