Kifin Baƙi

Ban taɓa mantawa da ranar da wata mai bincike ta shigo kamfanin nan da kular abinci a hannu ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da aka ɗauka kwanan nan kuna ta tambayata me ya sa nake haɗe rai duk ranar da aka ce za a yi baƙi, alhali ranar ce ake rabon kifi. To ku gyara zama.

Lokacin ina leburan wucin gadi a ɓangaren ruwa. Sabi'u ne sunana, amma Injiniya ake ce mini, saboda na kai aji uku na sakandare kafin na gudu, don haka ni ne mai zurfin ilimi a duk bayan kamfani. Maigidana a wurin Baba Ayuba ne, dattijo ɗan kudancin Kaduna, wanda ya fara aikin fata a nan Challawa tun ba a haife ni ba. Makullin ramukan ruwa a hannunsa yake. 'Yarsa ta ƙarshe tana makarantar koyon jinya, kullum maganarsa ke nan: ta gama, shi ma ya ajiye aiki da mutuncinsa, ya koma gida ya yi noman citta. Abin da yake nema a duniya ke nan, ya fita ta ƙofar nan da ƙafarsa, ba a kore shi ba.

Bari in yi wa waɗanda ba su taɓa leƙa baya ba bayani. Fata in ta zo, ana zuba ta cikin manyan durom ɗin can da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, don gashi ya zube. Daga baya a jeme ta da wani sinadarin mai shuɗi-shuɗi. Duk ruwan nan baya yake gangarowa, inda muke da ramuka uku. Na farko datti ya kwanta. Na biyu a zuba alam, inji ya riƙa kaɗa ruwan yana ba shi iska. Na uku shi ne wai tsabtatacce, daga shi ruwa ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shiga kwata, kwata ta kai shi kogi, inda masu lambu ke jiransa da injin ban ruwa. Haka aka zana a allon ofis. A zahiri kuwa injin ramin tsakiya ya daɗe da mutuwa, har ƙadangaru sun yi unguwa a cikinsa. Duk wata Baba Ayuba sai ya hau bene ya yi wa Manaja magana, duk wata Manaja ya ce ana dubawa.

Sai dai ranar baƙi. Ranar baƙi muna da tsari, tsarin da ya fi na aikin kansa kyau. Ana gobe za su zo a kwashe ramin ƙarshe, a wanke shi, a cika shi da ruwan rijiyar burtsatse. A toshe hanyar da ta haɗa shi da na tsakiya. Da safe a tsayar da durom, kada a saki ruwa ko ɗigo. A buɗe sito a ba kowa takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci. Ni kuma a tura ni kasuwa in sayo tarwaɗa masu rai in zuba a ramin ƙarshe. Tarwaɗa fa, ba karfasa ba, don karfasa raguwa ce, ko warin wurin ta ji sai ta juye. Baƙi su zo, a nuna musu kifi yana wasa, Manaja ya ce kun gani, ruwan da kifi ke rayuwa a ciki ai ba zai cuci kowa ba. Su ɗauki hoto, su hau bene su sha lemo, su tafi. Ba sa wuce lokacin da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu. Suna fita mu tsame kifin mu raba, mu mayar da takalma sito, a buɗe ruwa, rayuwa ta ci gaba.

To a watan zafi na bara waccan aka ce wata ɗaliba daga jami'a za ta zo ɗibar ruwa, tana karatun digirin dakta a kan abin da kamfanoni ke zubawa a kogi. Manaja ya ce a yi yadda aka saba. Aka yi. Na sayo tarwaɗa manya-manya, har na zaɓi wata mai ƙaton kai na ce wannan tawa ce, na raɗa mata suna Shugaba.

Da hantsi sai ga ta a adaidaita sahu, ita kaɗai. Malama Rukayya sunanta, 'yar siririya da tabarau. Ni aka ce in taya ta ɗaukar kaya. Na sauke akwatin ƙanƙara, na sauke kwalabe cike da buhu, na sauke 'yar kujera mai naɗewa da lema da darduma. Sai ta miƙo mini kular abinci. Na raɗa wa Baba Ayuba cewa Baba, yau akwai magana, wanda zai yi awa ɗaya ba ya zuwa da shinkafa.

Manaja ya sauko da babbar riga ya yi mata jawabin kifi. Ta saurara da ladabi, ta ce masha Allah, ta tsoma wani ɗan inji kamar rediyo a ruwan, ta cika kwalba, ta manna mata takarda, ta sa a ƙanƙara. Manaja ya ce to bismillah, a hau sama a sha ruwa mai sanyi. Ta gode, ta buɗe kujerarta a bakin rami ta zauna. Ta yi masa bayani a hankali cewa ruwan kamfani ba ya zama iri ɗaya daga safe zuwa yamma, kwalba ɗaya ba ta gaya wa mutum komai, don haka duk bayan awa za ta ɗiba har a tashi daga aiki. Na kalli fuskar Manaja, wallahi kamar wanda ya taka ƙusa a cikin sahu, ba damar ihu.

Matsalar ita ce fatar da ke cikin farar ƙasa ba ta jiran kowa. In ta wuce lokacinta sai ta yi laushi ta lalace, kuma wannan kayan na fita ƙasar waje ne. Dole a juye ruwan durom a wanke ta. Tsarinmu kuwa na baƙon awa ɗaya ne, ba wanda ya taɓa tunanin baƙon yini.

Manaja ya ja ni gefe ya ce tunda bakina bai iya shiru ba, in je in san yadda zan yi ta tafi. Na je. Na ce mata Malama, warin nan fa yana hana aure, ki dube ni. Ta ce an riga an yi nata, 'ya'yanta biyu. Na ce akwai macizai a ciyawar nan. Ta ce tana so ta ga wane iri ne ke iya zama a nan, zai shiga cikin binciken. Na ce ana rufe ƙofa da wuri yau. Ta yi murmushi ta ce, "Injiniya, kifin nan a nan aka haife su?"

Na ce, "Malama, ni dai ban halarci sunan ba."

Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta buɗe kula ta zuba mini shinkafa da wake a murfi. Ba ta sake tambayata komai ba, kuma na lura da gangan ta yi, don kada ta sa ni a bakin Manaja.

Bayan Azahar haƙurin bene ya ƙare. Manaja ya kira Baba Ayuba bayan injin wuta, ina tsaye ina ji. Ya ce za a saki durom, Baba ya riƙe ruwan a rami na ɗaya da na biyu har yarinyar nan ta tafi. Baba ya ce ranka ya daɗe ba za su ɗauka ba, rabinsu laka ce, an daɗe ba a yashe ba. Manaja ya ce shi ba shawara ya nema ba. Baba ya ce to, amma shi dai ya faɗa.

Aka saki. Ruwa ya taho fari-fari da kumfa da gashi, warin ya riga shi isowa. Ni da Baba muka yi ta jera buhunan yashi a bakin ramin tsakiya, dattijon nan yana haki, gumi har cikin takalmin aro. Malama tana zaune tana kallonmu, amma ta daina murmushi. Ana kiran La'asar ruwa ya haura buhunan, ya gangara ramin ƙarshe kamar an gayyace shi.

Ban taɓa ganin kifi yana neman fita daga ruwa ba sai ranar. Suka yi ta tsalle suna dukan siminti, wasu har suka faɗo waje. Can sai tsallen ya ragu. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo da farin ciki sama. Shugaba ce ta ƙarshe, ta zagaya sau biyu ta bi sahu. Malama Rukayya ta sa safar hannu, ta durƙusa, ta cika kwalbarta kamar yadda ta yi da safe.

Sai ga Manaja a guje, babbar riga na tashi. Ni na zaci kunya za ta kama shi. Ina. Ya nuna Baba Ayuba da yatsa a gaban baƙuwa, a gabanmu yaran da Baba ya koya wa aiki, ya ce ga irin sakacin da kamfani ke fama da shi, an ba tsohon nan magani bai zuba ba, an ba shi inji bai kunna ba, yau ya kunyata su. Ya ce ya ajiye makulli, aikinsa ya ƙare.

Malama ta miƙe. Ta ce, "Alhaji, injin nan tsatsa ta cinye shi, ba yau ya tsaya ba. Kuma ni ba hukuma ba ce. A rubutuna ba na sa sunan kamfani, lamba nake sawa. Ba wanda zai san nan ne. Don Allah kada ku kori bawan Allahn nan a kaina."

Kun ji fa. Ba tara, ba rufe kamfani, ba suna a jarida. Ba abin da zai samu Manaja. Da ya yi shiru ya koma bene, da shi ke nan. Amma ya riga ya yi ihu, kuma babban mutum ba ya janye ihu a gaban lebura. Ya ce mata wannan harkar cikin gida ce.

Na buɗe baki na ce ranka ya daɗe, ai ku kuka ce a saki, ina wurin. Baba ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ya ce in yi shiru, mutum ɗaya ya isa na yau.

Ya ciro makulli ya ajiye a kan bakin rami. Ya kama hanyar ƙofa, sai mai kula da sito ya biyo shi yana sunkuyar da kai, wai takalmin da safar na kamfani ne. Dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shiga ruwan nan da silifas, har tafin ƙafarsa ya tsattsage kamar bakin tafki a rani, ya zauna a kan dutse ya cire takalmin da aka ara masa na yini ɗaya, ya jera su, ya ɗora safar a kai. Na raka shi har titi. Ina jira ya zagi wani, ko ya yi kuka, in taya shi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Injiniya, ka koma ka binne kifin nan. Kada ka bari yaran nan su kai gida."

Na koma na tarar har wasu sun fara cika leda. Na ƙwace, muka kusa dambe, na haƙa rami na binne.

Malama ba ta tafi ba sai da aka tashi, ta cika kwalbarta ta ƙarshe idonta jajir. Daga baya ta dawo sau biyu tana roƙon a mayar da shi, ba a bar ta ta wuce ƙofa ba. Baba yanzu gadi yake yi a wani sito a Bompai, yana kwana a kan benci don 'yarsa ta ƙarasa. Citta sai wani jiƙon. Makullin kuma ni aka miƙa wa, da ƙarin girma wai, ga shi nan a aljihuna. Duk wata ina hawa bene in yi maganar inji, duk wata a ce ana dubawa.

Kada ku ce kamfani bai koyi darasi ba. Ya koya. Ku je ku tambayi maigadi umarnin da aka ba shi tun daga ranar: duk baƙon da ya zo ganin ruwa, a tambaye shi awa nawa zai yi, a kuma leƙa ko ya zo da abinci.

Ni kuwa abin da na koya shi ne, a aikin nan ba dattin ruwa ne laifi ba, laifi shi ne a gan shi, kuma ranar da aka gani ba a neman mai laifin a bene, a bakin rami ake nemansa. Don haka gobe in an raba muku takalma, ku sa, ku yi wa baƙi murmushi, ba na hana ku. Amma kada wanda ya ajiye mini kason kifi. Tun ranar ban sake ci ba. Ni da su a rami ɗaya muke aiki.