Malam Lasau da Allon Zamani

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe za ka same shi a barandar ɗakin malamai, alli a hannu, wani a bayan kunne. Yana zane ne a tsohon baƙin allon da aka jingine tun da aka kawo mana na zamani, mai lantarki, wanda ake shafawa da yatsa. Malamin zane ne a makarantarmu, kuma a zangon nan yake ajiye aiki. Kullum da sabon barkwanci: yau ɗalibi na rantsuwa kwamfuta ce ta cinye masa aikin gida, gobe malami ya haye tebur da waya yana farautar sabis, darasi na jiransa a ƙasa. Sau nawa na ƙware da ruwa saboda bawan Allahn nan!

Amma ba dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Muna da malamar lissafi, dattijuwa, wadda ta koyar da iyayen yaran nan. Ranar da ta fara tsayawa gaban sabon allon, za ta buɗe shafi na gaba, sai ta lashi yatsa kamar yadda ta saba da littafi, ta dangwala a gilashin. Aji ya kwashe da dariya. Kafin a tashi, duk inda ta gifta sai ka ji "Lasau!" ta taga. Ta shigo ɗakin malamai ido jajir, ta hau kwashe littattafanta.

"Malam, girma ya faɗi," ta ce wa malamin zanen. "Gobe zan gaya wa shugaba na bar aiki."

"Haba Yaya," in ji shi, "ki ara mini goben nan tukuna."

Gari na wayewa sai ga zane. Kansa ya zana, da sanƙonsa da tumbinsa, ya zaro harshe kamar na saniya yana suɗe allon tun daga sama har ƙasa. Allon kuwa na ihu: "Wayyo Malam Lasau, busasshen yatsa ma ya isa!" Yara har da masu faɗuwa ƙasa. Kafin tara, sunan ya tashi daga kanta ya koma kansa, shi ko yana amsawa har da ɗaga hula.

Daga nan ya mai da abin al'ada. Duk malamin da na'ura ta kunyata, washegari Lasau ne ya yi kwaɓar a zane, gyaran kuma na can a gefe don mai ita ya gani. Ni ma na ga tawa.

Kai ne mai sayen kunyar wani da fuskarka, Malam. Wallahi ina alfahari da zama da kai. Malama ba ta tafi ba. Yanzu ita ke koya wa sababbin malamai allon nan.

A taron sallamarka ta miƙe gaban makaranta duka, ta ce, "Yara, ni na lasa. Shi ya ɗauki sunan." Tafin da aka yi sai da shugaba ya haƙura da jawabinsa.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu kaifin baki da kaifin alƙalami, ga ɗan'uwanku nan. In har sai an yi wa wani dariya, ku fara miƙa taku fuskar.