Sada Mai Zamiya da Surukinsa

Duk Bahaushen da ya zauna Alƙahira a zamanin da ake shiga bas ta taga saboda cunkoso ya san Sada mai zamiya, ko bai gan shi ba ya ji labarinsa. Mutumin Katsina ne, siriri, mai dogon wuya, ga kunya kamar ya nutse in babba ya dube shi. Karatu ya kawo shi a farkon shekarun saba'in, aka ba shi gado a wani ɗaki a unguwar Abbasiyya tare da 'yan'uwansa ɗalibai. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani, amma shi da nahawu jininsu bai haɗu ba. Abokansa suna ta wucewa gaba, shi yana nan a aji ɗaya yana tarbar sababbin zuwa, har yaran suka fara ɗauka ma'aikacin makarantar ne.

Ranakun hutu yakan tafi dalar Giza ya yi wa 'yan yawon buɗe ido tafinta da ɗan Turancinsa na sakandare. A nan ya gamu da Kawaja Toni, wani Bature mutumin Ostiriya, ja jawur, wanda sanyin ƙasarsu ya kama masa ƙirji, likita ya ce ya nemi inda rana take. Sana'ar Toni koyar da zamiyar ƙanƙara ce, wasan nan da Turawa ke ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su sulalo daga kan dutse. Da ya zo Masar ya duba gabas ya duba yamma, bai ga ƙanƙara ba sai wadda ake jefawa a ruwan rake. Sai ya ce to ai rairayi ma gangara yake yi. Ya sami wasu manyan tuddai can bayan dala, ya sayi tsohuwar Landiroba, ya fara kwasar baƙin otal yana kai su.

Da ɗaukar katakai Sada ya fara, da goga musu kaki a ƙasa don su yi santsi. Wata rana baƙi sun tafi shan shayi, ya ɗaura ya gwada. Ashe duk basirar da malamai suka nema a kansa suka rasa, a gwiwoyinsa ta sauka. Toni ya tsaya riƙe da kofi yana kallonsa har ya kai ƙasa, sannan ya ce, "Tamam, ya yi. Ka bar makarantar nan ta huta."

Ƙungiyar su Toni ta can ƙasarsu takan aiko mai jarrabawa jefi-jefi, kuma da aka aiko Sada ya ci ƙaramar shaida, wadda ke ba mutum damar koya wa yara da waɗanda hoto kawai suka zo ɗauka. Da wannan ya kama ɗaki a unguwar Faisal, ya auri Zulaihatu, wata yarinya mai baki da ta taso a hannun gwaggonta, matar wani akawun ofishin jakadancin ƙasarmu a nan Alƙahira. A Katsina aka ɗaura auren ta hannun wakilai. Mahaifinta Alhaji Ɗantsoho, babban ɗan kasuwar fata, bai taɓa ganin angon ba. An dai ce masa yaron kirki ne, yana aiki da Turawa, kuma babu wanda ya ga dalilin ƙara bayani.

Shekaru suka tafi, Toni ya fara tsufa yana kewar gida. Ya ce zai bar wa Sada motar da katakan da baƙin duka, amma masu otal ba za su damƙa baƙinsu a hannun wanda ba shi da babbar shaida ba. Ita kuwa babbar shaida ba wasa ba ce. Sai mutum ya daɗe yana koyarwa, wannan Sada ya cika. Sai ya iya ɗaurin karaya, don haka kullum ya dawo gida Zulaihatu ce majinyaciya, ya naɗe mata hannu ya naɗe mata ƙafa, har wata maƙwabciya ta shigo aron albasa ta tarar da ita a haka, ta fita ta tara mata suka zo jaje da miyar kaza. Sai ya iya Jamusanci gwargwadon abin da zai ce wa mutum ya juya ko ya tsaya. Sai ya san alamun da ƙanƙara ke nunawa kafin ta zubo daga dutse ta binne mutane, kuma ya haddace su tsaf, shi da bai taɓa ganin ƙanƙara ta fi girman ƙwai ba. Sai ya gangaro tudu mafi tsayi yana ratsa tutoci. Na ƙarshe, mai jarrabawa zai zaɓi wani da bai taɓa ɗaura katako ba, Sada ya koya masa a gabansa har ya sauko lafiya.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, a farkon shekarun tamanin, Alhaji Ɗantsoho ya biyo ta Alƙahira daga Umra don ya ga 'yarsa.

Sada ya tare shi a durƙushe, ya ɗauki kaya a sunkuye, ya bar masa ɗakin ya koma baranda. Abincinsa ma a matakalar bene yake ci, don kada suruki ya ji ƙarar cokalinsa. Da Alhaji ya huta sai ya tambayi 'yarsa aikin mijinta, Sada yana tsugune a bakin ƙofa yana nazarin tabarma. Zulaihatu ta yi bayani dalla-dalla.

Alhaji ya ce, "Su hau tudu, su gangaro. Sannan fa?"

"Sannan su sake hawa, Baba."

"Me suka manta a saman?"

"Ba komai. Daɗi suke ji."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Yara ma suna yi a garinmu da gindin wando, ana dukansu a kai. Yaron nan, da kai nake."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

"An ce akwai takardar da za ka ci. In ka ci, na yarda sana'a ce, tunda har Bature ya buga mata hatimi. In ba ka ci ba, ku haɗa kayanku mu tafi tare. Ina da rumbun fata da ke neman mai juya ta. Ba zan bar yarinyar nan a ƙasar mutane wajen mai wasan ƙasa ba."

Sada ya ce to. Bai san wata amsa da ake ba suruki ba.

Ranar jarrabawa Alhaji ya ce zai je ya gani da idonsa. Ya sha babbar riga fara mai aiki, ya kafa hula, aka sa shi a gaban mota. A kan tudu aka shimfiɗa masa tabarma, Zulaihatu ta riƙe masa lema. Mai jarrabawar wata tsohuwar Baturiya ce, 'yar ƙarama, rana ta gasa ta kamar kilishi, da usur a wuya. Ba ta dariya, kuma da alama ba ta taɓa gwadawa ba.

Ta busa usur, Sada ya sulalo ta tsakanin tutoci kamar ruwa, ya tsaya cak a ƙasa, rairayi ya tashi ya kwanta. Ta sa shi ɗaure ƙafar Toni, ya ɗaure. Ta tambaye shi labarin ƙanƙara, ya zuba mata kamar a cikinta aka haife shi. Sai ta juya tana duban 'yan kallo, ta wuce masu raƙuma, ta wuce wasu Turawa biyu, ta ɗaga sandarta ta nuna Alhaji.

Toni ya matsa kusa da ita yana raɗa, ta girgiza kai. Alhaji ya tambayi abin da ake ciki, Zulaihatu ta ce, "Wai ku za a koya wa, Baba. Amma a bari a ce mata ba ku da lafiya."

"Wa ya ce ba ni da lafiya? Ita wannan tsohuwar tana yi?"

"Tun tana yarinya, in ji su."

Alhaji ya dubi tsohuwar sama da ƙasa, ya miƙe. "A kawo katakan."

Abu na farko da Sada ya yi shi ne zama ya fara kwance takalmansa, don ba a tunkarar suruki da takalmi. Takalman kuwa masu tauri ne kamar turmi, da maɗaurai jere. Baturiyar ta tambayi Toni ko ɗalibin nasa ya fasa ne. Toni ya ce masa da Larabcinsa na kasuwa, "Yalla, maza mayar da su, tana kallonka." Ya mayar, ya rarrafa ya ɗaura wa Alhaji nasa. Wannan kam ya yi shi da kyau, tunda aikin durƙuso ne.

Daga nan abin ya ɓaci. Ƙa'ida ita ce malami ya tsaya a gaban ɗalibi yana fuskantarsa, ya gangara da baya, idonsa a kan gwiwoyin ɗalibin, yana ba shi umarni da murya mai ƙarfi. Sada ya tsaya a gaban Alhaji, amma ya karkatar da dogon wuyan nan yana kallon dala, kamar yau aka gina ta.

Ya ce a hankali, "Da za a ɗan lanƙwasa gwiwa, da an kyauta."

"Wa zai lanƙwasa?"

"Duk wanda Allah ya ba iko, Baba."

"To kai ka lanƙwasa mana, kai ne yaro."

Sada ya lanƙwasa har ƙasa. Alhaji ya miƙe ƙyam, ya gyara hula, ya dafa sanduna kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Wasu mutane," in ji Sada yana magana da rairayi, "sukan haɗa kan katakan nan a gaba. An ce yana rage gudu."

"Wasu su wa? Ka ɗaga murya, ba na jin ka."

Alhaji ya sunkuyo don ya ji. Katakan suka ɗauka umarni ne. Sada ya kauce da sauri don kada jikinsa ya taɓa na suruki, iska ta shiga babbar riga ta cika ta tim, Alhaji Ɗantsoho ya kama hanya. A gindin tudun kuwa raƙuman haya ne kwance suna tuƙa.

Sada ya bi shi, ya cim masa, ya jera da shi kafaɗa da kafaɗa, fuskarsa a ɗaya gefen. "Baba, ana neman alfarma. In ba damuwa." Alhaji salati kawai yake yi, kowane ya fi na baya ƙarfi. Raƙuman suka daina tuƙa suka zuba ido. Da Sada ya ga saura ƙiris, sai ya juyo ya dubi surukinsa ido cikin ido, ya daka masa tsawa irin wadda ake yi wa yaron da ya hau katanga.

"Zauna!"

Alhaji ya zauna. Rairayi ya turnuƙe, hula ta ci gaba da tafiya ita kaɗai har ta isa wajen raƙuma. Da ƙura ta lafa aka ga Alhaji zaune lafiya lau, ƙafafu a sama. Sada kuwa ba a gan shi ba. Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, bai tsaya ba, ya zarce ya ɓuya a bayan Landiroba.

Baturiyar ta yi hukunci, Toni ya fassara yana share zufa. Ta ce ƙafafu irin nasa ba ta cika gani ba ko a kan ƙanƙara. Amma malamin da ba ya duban ɗalibinsa, wanda kalma ɗaya tak ya koyar duk darasin, sannan ya gudu ya bar ɗalibi a binne, bai ci ba. Za ta dawo bayan shekara biyu. Toni ya dafa Sada ya ce, "Ma'alish, kada ka damu. Zan ƙara haƙuri da zafin nan in jira ka, in har kana nan."

Aka dawo Faisal. Zulaihatu ta shiga kicin ta fara jera tukwane a kwali tana jan hanci. Bayan la'asar Alhaji ya gama kakkaɓe rairayi daga kunnensa, ya ce a kira masa yaron. Sada ya zo ya tsuguna a wajen ƙofa, ta bayan labule.

"Yanzu in muka je Katsina, mutane za su tambaya me ya dawo da kai. A ce ka faɗi jarrabawa."

"Haka ne, Baba."

"Su ce jarrabawar me. A ce ta koyarwa. Su ce wa ya koya wa." Alhaji ya gyara zama. "Ka san bakin 'yan kasuwar fata. Cewa za su yi Ɗantsoho ne ya kasa ɗaukar karatu, har ya kayar da surukinsa."

Zulaihatu ta leƙo daga kicin. "Ai ba mai gaya musu, Baba."

"Ke za ki fara gaya musu, na san ki. Mayar da tukwanen nan. Kai kuma ka zauna nan har tsohuwar ta dawo, ka ci takardar, sannan ka zo gida ka gaishe ni da ita a hannu. Kafin nan kada in ga ƙafarka a Katsina."

"Allah ya ƙara girma."

"Kuma ashe kana da murya. Ka riƙa amfani da ita a kan Turawa."

Da Baturiyar ta dawo, wani ƙaton ɗan Italiya ta zaɓa, wanda Sada bai haɗa komai da shi ba, ya yi ta daka masa tsawa tun daga sama har ƙasa, ya ci. Toni ya miƙa masa makullin mota ya tafi. Sada ya riƙe sana'ar har ƙarshen shekarun tamanin da bayansu, ya yi 'ya'ya a Faisal, kuma in masu raƙuma suka ji muryarsa daga nesa sukan ja dabbobinsu gefe.

Alhaji kuwa ya daɗe yana ba 'yan kasuwa labarin yadda ya sauko daga wani tsauni a Masar a kan katako, Turawa suna kallo. In aka tambaye shi ko ya kai ƙasa a tsaye, sai ya ce saura kaɗan ya ga wani wuri mai kyau, ya yi masa, ya zauna.