Harawar da Na Ƙwato a Bakin Sa

Ranar da na yi kokawa da sa a Kasuwar Shanu, da furfurata da babbar rigata, ba za ta taɓa fita raina ba.

Ina malamin gona a Potiskum, saura shekara guda in yi ritaya, aka haɗa ni da wata mai bincike daga jami'a, Dakta Hauwa. Ta ce akwai funfunar da ke zaune cikin lafiyayyen tsiro ba ta cutar da shi, har takan fitar da sinadarin da ke kashe funfunar da ke kawo cuta. A ƙauyen Mamudo kuwa ciwon ɗigo-ɗigo ya cinye ganyen gyaɗar Baba Gimba, sai kunyoyi uku da suka tsaya kore shar. Su take so, kuma ɗanyu. In suka bushe, sai baɗi.

Ni kuwa daga Diffa har Jos, duk inda na yi aiki, tsiro mara lafiya ake ajiye wa malamin gona. Da zan aika wa Baba Gimba saƙo, sai bakina ya bi sabo: "A bar mana masu ciwon."

Muka isa da hantsi. Baba Gimba ya nuna mana baƙaƙen kunyoyi yana murmushi. "Ga su nan, Malam, ko akuya ban bari ta shiga ba."

"Korayen fa, Baba?" in ji Dakta.

"Na tuge su da safe, 'yata. Harawar tana kasuwa."

Muka faɗa mota, sai Kasuwar Shanu. Na yi tambaya da Ngizimanci, na yi da Barbarci, sai da na juya Fillanci aka nuna min wani ƙaton farin sa, rabin damin ya riga ya shige cikinsa. Na cafke sauran. Ya ja, na ja, hulata ta yi nata wuri. Mai san ya riƙe ciki don dariya.

"Malam, in yunwa ce, ga mai ƙosai can!"

Dakta dai tana bayana, tana cusa ganye cikin kular ƙanƙara.

Bayan wata biyu ta kawo min wani farantin gilashi. Funfunar cutar ta bazu, ta zo dab da wata farar funfuna da aka samo daga ganyen nan, ta tsaya cak. Sai ga ni ina rawa a ofis.

"Malam, gwajin farko ne fa!" in ji Dakta.

"Na ji, bar ni in ƙarasa."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, manomi zai yi muku daidai abin da kuka faɗa, ba ragi ba ƙari. Kafin saƙo ya tafi, ku fara jin sa da kunnenku.